Ranar da Baya Ya Riƙe

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]



Wata safiyar hunturu, shekaru kaɗan da suka wuce, na duƙa zan ɗauki jarkar ruwa daga bakin ƙofa in shigar da ita cikin gida. Irin jarkar nan mai lita 25 da 'yan ga-ruwa ke kawowa, wadda na sha ɗagawa ba adadi. Ban gama miƙewa ba na ji abu ya soke ni a ƙugu kamar an caka mini wuƙa. Na kasa miƙewa, na kasa komawa ƙasa, numfashi ma sai da dabara. Mai ɗakina ta fito ta same ni dafe da bango, ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Bayana ne ya riƙe."

Kafin hantsi gida ya cika da 'yan dubiya. Wani ya ce basir ne ya taso. Gwaggona ta ce sanyi ne. Wani ya ce a kira mai ɗori, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce irin wannan ba ya rasa hannun mutum. Duk ƙauna ce ta kawo su, Allah Ya saka musu. Amma a cikinsu babu wanda ya yi mini tambayar da likita ya fara yi mini da aka kai ni. Bai tambayi yawan zafin ba tukuna. Cewa ya yi, "Malam, kana yin fitsari daidai?"

Zan dawo kan wannan tambaya. Bari in fara kwantar muku da hankali.

Ciwon ƙugu ba baƙo ba ne a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a faɗin duniya. Daga cikin masu shi, kusan 9 cikin 10 ba wata muguwar cuta ce ke ɓoye a jikinsu ba. Gadon baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera kan juna kamar 'ya'yan carbi, tun daga ƙeya har mazaunai, kuma guda 5 na ƙugu su ne manya, su ke ɗauke da duk nauyin da ke sama da su. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai tauri a waje, mai laushi a ciki, yana aikin da gammo ke yi wa mai ɗaukar kaya. Tsoka kuma ta ɗaure su ta ko'ina. Idan ka duƙa ba daidai ba, ko ka murɗa jiki da kaya a hannu, sai tsoka ko faifan nan ya ji ciwo, sauran tsokar wurin kuma ta ɗaure tamau don ta kare shi. Wannan ɗaurewar ita muke kira riƙewar baya. Tana da zafin da zai sa dattijo hawaye, amma yawanci takan fara saki cikin 'yan kwanaki, kuma mafi yawan mutane sukan koma harkokinsu kafin mako 6.

To ashe yawan zafi ba shi ne ma'auni ba. Wani yana birgima yana salati, bayan mako biyu ka gan shi a gona. Wani kuma zafinsa da sauƙi, yana ta hira da 'yan dubiya, alhali ƙafafunsa ne ke shirin tafiya. Ga inda tambayar likitan nan ta shigo.

Lakar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙasusuwan baya ba ta kai har ƙasa ba. A saman ƙugu take tsayawa, daga nan sai ta rarrabu zuwa siraran jijiyoyi da suka zubo kamar gashin wutsiyar doki. Sunan da likitoci suka ba su ke nan da Latinanci, wutsiyar doki. Waɗannan jijiyoyi su ke riƙe da ƙafafu, da mafitsara, da dubura, da al'aura. Wani lokaci faifan nan yakan fashe, abin cikinsa ya ɓullo da yawa ya danne su gaba ɗaya. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru, awoyi ake lissafawa. Idan aka yi aiki aka ɗage abin da ya danne su cikin kwana ɗaya ko biyu, akwai kyakkyawan fata. Idan aka bari mako ya zagayo, mutum na iya ƙare rayuwarsa da robar fitsari, ko a kan keken guragu.

Don haka ku saurara da kyau. Mai ciwon baya, idan ka je bayi fitsari ya ƙi fita, ko ka daina jin cikar mara, ko ka ga wandonka ya jiƙe ba ka san lokacin da ya zubo ba. Idan bayan gida ya fara kuɓuce maka. Idan ka zo tsarki ka zuba ruwa amma ba ka ji taɓawar ruwan ko ta hannunka ba, wato matsematsi da wurin zama sun mutu kamar ba naka ba. Idan ƙafafu biyu suka yi nauyi, ko minjirya da zogi suka sauka ta dukkansu a tare. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ka gani, ba maganar gobe ba ce, ba maganar a jira a idar da kasuwa ba ce. A tashi a tafi babban asibiti a wannan daren. Wani ma yakan ji zafin ya ragu a daidai lokacin da wurin ke mutuwa, sai ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Magidanci mai 'ya'ya da jikoki, ta yaya zai buɗe baki ya ce wa ɗansa ya yi fitsari a kwance? Amarya a gidan miji, ta yaya za ta ce wa uwar mijinta ba ta jin gabanta? Sai a ce "ƙafa ce dai ta ɗan yi nauyi", a ɓoye sauran. Kunya ado ce a wurinmu, ni ma ba na son a rabu da ita, amma Hausawan da suka koya mana ita su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba, idan ba za ka iya faɗa wa ɗanka ba, ka faɗa wa amininka. Inna, ki faɗa wa 'yarki ko ƙanwarki. Ku kuma masu jinya kada ku jira a gaya muku. Ku sallami 'yan dubiya, ku rufe ƙofa, ku tambaya a hankali: "Baba, yaushe rabonka da fitsari?"

Akwai kuma ƙafa ɗaya. Idan zogi ya taso daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa, galibi jijiya ɗaya ce faifan ya taɓa, kuma yawancin masu irin wannan sukan warke ba tare da tiyata ba, sai dai yakan ɗauki makonni. A je a ga likita, amma ba abin firgita ba ne. Inda za a gaggauta shi ne idan ƙafar ta fara rasa ƙarfi: silifas yana sulluɓewa ba ka sani ba, ko kana tafiya yatsu na jan ƙasa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan maganar ciwon baya mai zuwa kwatsam.

Wani ciwon ba daga ɗaukar kaya yake ba. Wanda ya faɗo daga bishiya ko rufin ɗaki ko saman babbar mota, ko aka yi hatsarin babur da shi, ya ce bayansa, a ɗauka ƙashin bayan ya karye har sai likita ya ce a'a. Kada a zaunar da shi. Kada a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu kamar yadda muka saba, kada a lanƙwasa shi a cusa a Keke Napep. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi lokaci guda, kai da gangar jiki da ƙafafu a miƙe, a kwantar da shi a kai. Wani hatsarin bai taɓa lakarsa ba, ɗaukar da aka yi masa ce ta taɓa ta. A Najeriya ana kiran 112 don neman agajin gaggawa, 122 kuma ta jami'an kiyaye haɗurra ce.

Sai wanda na fi so mu riƙe a wannan yanki namu, wato tarin fuka. Mun san shi da tari da huhu, amma ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a ƙashin baya ta riƙa cin sa a hankali, kuma mai shi ba lallai ne ya yi tari ko sau ɗaya ba. Wani likitan tiyata na Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninsa tun 1779, shi ya sa har yau likitoci ke kiran ciwon da sunansa. Alamarsa ciwon baya ne da ya ƙi tafiya wata da watanni, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama, abinci ba ya shiga. In aka bar shi, ƙashin ya ruguje, ƙusumbi ya fito, ƙafafu su shanye. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan cuta tana da magani, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Sai dai na ƙashi yana son haƙuri, watanni ne masu yawa ana sha ba fashi. Makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba su ma su lura, akwai cutar da ake ɗauka daga shanu da awaki mai kawo zazzaɓi mai zuwa yana komawa tare da ciwon ƙugu.

Ciwon da ya kama gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, yana murɗa yana gangarowa mara, ga amai ko jini a fitsari, wannan ya fi kama da tsakuwar ƙoda. In da zazzaɓi da rawar sanyi da zafin fitsari, ƙila ƙodar ce ta kamu. Mai juna biyu da ƙugu ya riƙe mata yana saki yana dawowa, ko ta ga jini ko ruwa, ta nufi asibiti ko da watanninta ba su cika ba. Mai sikila ya san nasa, kada ya tsaya gwaji a gida. Dattijon da ya haura 50 kuma, ciwon baya ya same shi sabo, yana hana shi barci ko ya kwanta shiru, yana ramewa, musamman in dama yana fama da wahalar fitsari, ko macen da aka taɓa yi wa maganin dajin mama, su je a bincika, domin ciwon daji yakan yaɗu zuwa ƙashin baya.

To idan babu ko ɗaya cikin duk waɗannan fa? Baya ne kawai ya riƙe, fitsari lafiya, ƙafafu da ƙarfinsu, babu zazzaɓi. Nan ne akasarinmu muke, nan ni ma na samu kaina.

Kuskuren da na so in yi shi ne in kwanta sai na warke. Da can haka ake cewa, har a asibiti. Yanzu bincike ya nuna doguwar kwanciya tana ƙara wa baya tauri, tana raunana tsoka, tana jinkirta sauƙi. Ranar farko, in abin ya yi tsanani, ka huta. Ka kwanta rigingine ka sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, ko ka kwanta ta gefe ka sa shi tsakaninsu. Amma ko a ranar, ka riƙa tashi kana 'yan taku a tsakar gida, gobe ka ƙara, jibi ka kai ƙofar gida. Wajen tashi kada ka yunƙuro kai tsaye. Ka mirgina gefe, ka sauke ƙafafu daga gado, ka tura jikinka sama da hannu. Mai kwana a tabarma ya juya ya durƙusa kan gwiwa da tafin hannu, ya dafa bango ko kujera ya miƙe. Gashi da ruwan ɗumi yana sassauta tsoka: tawul ko gorar ruwa a naɗe cikin zane, minti 15 zuwa 20. Ɗumi na ce, ba ruwan da zai saɓule fata ba, kuma mai ciwon suga ya sa wani ya taɓa masa ruwan tukuna.

Da yawa abin da ya fi damunsu salla ce. Na ga wanda yake cije leɓe yana tilasta wa kansa ruku'u har ya kusa faɗuwa. Addini bai ɗora maka wannan ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini da rashin lafiya ya dame shi an ba shi izinin yin salla a zaune, ko a kwance in zaman ya gagara. Ka yi yadda jikinka zai iya, in sauƙi ya samu ka koma yadda ka saba.

Yanzu maganar magani, kuma a nan zan ɗan daɗe. Abin da muka saba shi ne a tura yaro kemis a ce "a haɗo na ciwon jiki". Sai a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da rawaya, babu suna babu kwali. Sau da yawa biyu ko uku a cikinsu dangi ɗaya ne, irin su ibufurofen da dikulofenak. Kowannensu shi kaɗai yana rage ciwon baya, gaskiya ne, idan an sha bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Amma haɗa su ba ya ƙara sauƙi, illa yake ninkawa: gyambon ciki, aman jini, lalacewar ƙoda. Mai olsa, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da tsoho, kada su sha wannan dangi sai da izinin likita. Farasitamol ya fi su sauƙi ga ciki, amma shi ma yana da iyaka: babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, domin wuce haka yana taɓa hanta. Duk maganin da za a ba ka, ka ce a nuna maka kwalinsa, ka san sunansa.

Tiramadol kuwa, 'yan'uwana 'yan dako da leburori da masu tura kura, na san dalilin da ya sa wasu ke sha. Buhun siminti kilo 50 ne, na masara a kasuwar Dawanau ya ninka haka, kuma in ba a fita ba babu cefane. Amma ƙwayar ba ta gyara komai a baya. Tana toshe kukan da jiki ke yi ne, ka ci gaba da ɗora masa kaya, ga kama mutum da take yi har ya kasa rabuwa da ita, ga jijjiga irin ta farfaɗiya in ta yi yawa. Allura ma da muke ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, in wanda bai ƙware ba ya yi ta a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, yana iya samun babbar jijiyar ƙafa, a je neman sauƙin baya a dawo da ɗingishi.

Batun basir kuma, wanda ake ta shelarsa da lasifika a kasuwanni da tashoshi: basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana sa jini, yana sa ƙaiƙayi da tsiro, amma ba ya hawa ya riƙe ƙashin baya. Mutum ya yi wata uku yana ɗirkar jiƙo yana gudawa, alhali tarin fuka ne ke cin ƙashinsa. Masu ɗori da wanzamai mutanenmu ne, sun yi wa al'umma hidima tun kafin a gina asibiti, kuma tausa mai sauƙi takan sa tsoka ta saki. Amma hannu ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Bayan da ba a san abin da ke damunsa ba, kada a murɗa shi, kada a ja shi, kada a sa yaro ya hau ya tattaka. Mai son ƙaho kuma ya tabbata askar sabuwa ce, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Wanda zuciyarsa ta raya masa jifa ne, ya yi addu'arsa, a yi masa tofi, amma a yi a cikin mota ana tafiya asibiti.

Idan mako biyu ya wuce babu alamar sauƙi, ko ciwon ƙaruwa yake, a je a ga likita ko da babu waɗancan alamomi. Ka tafi da bayaninka a shirye: ranar da ya fara, abin da kake yi a lokacin, inda zogin ke sauka, da ledar duk maganin da ka sha, har na gargajiya. Kada ranka ya ɓaci in likita ya duba ka bai tura ka hoto ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, shi kuma babban hoton nan na MRI yana da tsada, kuma sau da yawa yakan nuna 'yar gocewar faifai har a jikin mutanen da ba su taɓa ciwon baya ba. Ga wanda ya nuna alamun haɗari ne hoton ya zama dole. Irin wannan kuma ƙaramin asibitin unguwa ba zai iya masa ba, sai manya, irin Asibitin Ƙashi na Dala da na Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram ga 'yan'uwanmu na Nijar. In an ba ka takardar turawa, kada ka kai ta gida ka ajiye sai an sayar da amfanin gona. In kuma an tura ka sashen gashin ƙashi, ka je, ka kuma riƙa yin motsa jikin da suka koya maka a gida. Ni shi ya fi yi mini amfani a kan duk ƙwayar da na sha.

Saura magana ɗaya, da magidanta nake. Da yawanmu muna tafiya ci-rani ko fatauci, mu yi wata da watanni, waya ma wani lokaci ba ta shiga. Matar da ke daka da wanki a duƙe da goyo a baya, ita ma bayanta yana riƙewa, kuma ba za ta fita da dare ba izini ba. Maigida, kafin ka sa ƙafa a mota, ka zaunar da iyalinka ka ce, "In ciwo ya kai ga fitsari ya tsaya, ko ƙafa ta mutu, ko jini ya ɓalle, na ba ki izini, ki tafi asibiti, kada ki jira ni." Ka faɗa a gaban mahaifiyarka don kada a samu saɓani. Ka nuna wanda zai kai ta, ƙaninka ne ko maƙwabci mai mota, ka rubuta lambarsa a bango, ka bar ɗan abin da zai isa kuɗin mai da na kati.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna da 'yan dako da manoma kan yadda ake ɗaga kaya da yadda ake duƙawa a kunyar gona ba a ji wa ƙugu ciwo ba. Waɗanda ke kwance, Allah Ya ba ku lafiya. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]